Dek na walda ko na matsi, wanne ya fi yankan ciyawa da kyau? Sai kuma batun wuƙaƙe

Bakano_Columbus:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar ƙaramar taraktar yankan ciyawa, musamman 'yan uwa da ke nan Amurka, amma duk wanda ya sani ya saka baki dan Allah. Filin gidan da muke ciki ya kai eka ɗaya da rabi, ta baya kuma akwai ɗan gangare. Na sayi tarakta ta hannu, wato wadda aka yi amfani da ita, injinta lafiya lau, dek ɗinta, wato murfin ƙarfen da wuƙaƙe suke juyawa a ƙarƙashinsa, inci 48 ne mai wuƙa uku, irin wanda aka matse daga fallen ƙarfe ɗaya. Matsalar dai yankan ba ya kyau sam. Tana barin wani siririn layi na ciyawa a tsaye, tana zubar da ciyawar dunƙule-dunƙule, sannan bayan kwana biyu sai ka ga kan ciyawar ya yi fari-fari alhali ana ruwa. Maƙwabcina nasa dek ɗin na walda ne inci 54, filinsa sumul gwanin sha'awa. Na je shago an ce min in dai yanka mai kyau nake so sai na walda. To da gaske ne dek na walda ya fi na matsi yanka? Ko wuƙaƙen zan canza, in kuma su ne wace iri, don na ga akwai mai dogon fiffike (bayan wuƙar da aka lanƙwasa sama) akwai mai niƙa akwai mai haƙora, kaina ya ɗaure wlh.

MaiLambu_Indy:
Wa alaikumus salam. Malam Bakano ka riƙe kuɗinka tukuna. Ni sana'ata ke nan a Indianapolis, daga Afrilu har Oktoba ciyawar gidajen mutane nake yanka, kuma abubuwa ukun nan da ka lissafa babu wanda sabon dek zai gyara maka kai tsaye. Farin da kake gani a kan ciyawa wuƙa ce ta dakushe, ba yanka take ba yagawa take. Ka tsuguna ka tsinko ganye ɗaya ka duba bakinsa, in ka ga ya yi zare-zare to magana ta ƙare.

Amma kafin wuƙa ka fara da taya. Mutane suna raina wannan, alhali dek a jikin tarakta yake rataye, tayar baya ɗaya ta rage iska gefe ɗaya ya sauka shi ke nan yanka ya karkace. Yawancin irin waɗannan taraktocin ta gaba 14 ce ta baya 10 a ma'aunin iska na PSI, amma ka duba littafin taka. Daga nan ka ajiye ta a kan siminti inda babu tudu babu kwari, ka kashe ka zare wayar fulogi, ka juya wuƙaƙen gefe su kalli hagu da dama ka auna daga ƙasa zuwa bakin kowacce. Kada bambancin ya wuce milimita 3. Sai ka juya su su kalli gaba da baya, gaba ya ɗan fi baya sauka da milimita 3 zuwa 6. In baya ne ya fi sauka, wuƙa za ta sari ciyawa sau biyu, inji ya sha wahala a banza kuma ganyen ya daddagule. Ka yi wannan ka dawo mana da labari.

Umar_Tarakta:
Gsky Indy ya gama magana. Iskar taya kaɗai ta isa ta ɓata yanka.

Injiniya_Samaru:
Bari in taɓa ainihin tambayar, don mai shagon nan bai yi maka cikakken bayani ba. Dek ba murfi ba ne kawai da aka rufe wuƙa da shi, aikinsa sarrafa iska. Wuƙa in tana juyawa fiffikenta na baya yana jan iska sama, iskar ce take miƙar da ciyawa tsaye a yanke ta daidai, ita ce kuma take kwashe abin da aka yanka ta fitar ta baki. To dek na matsi da yake injin matsi ne ya buga shi daga falle ɗaya, cikinsa a lanƙwashe yake babu kusurwa, iska tana zagayawa ba abin da ke tare ta. Na walda kuwa yanka farantan ƙarfe aka yi aka haɗa, yana da kusurwoyi, sai an sa masa wasu faranta a ciki da za su bi da iskar. Don haka in maganar kyawun yanka ce zalla, na matsi mai zurfi ba ya jin tsoron na walda, sau da yawa ma ya fi shi.

Inda na walda yake cin riba kauri ne. Ana auna kaurin da lamba, kuma ƙaramar lamba ita ce mai kauri. Lamba 13 kusan milimita 2.3 ne, lamba 12 kusan 2.7, lamba 10 kusan 3.4, lamba 7 kuma ya kai 4.5. Masu arha na matsi galibi 12 ko 13 ne, na walda kuma daga 11 zuwa 10 ko ma 7. Amma ko wannan ba doka ba ce, dek ɗin 7-Iron na John Deere da 'yan kasuwa suke aiki da shi matse shi aka yi daga ƙarfe mai lamba 7. Kenan kalmar matsi ba ta nufin siriri.

DanHouston77:
Injiniya da girmamawa amma ban yarda ba. A takarda haka ne, a fili kuma daban. Ni na yi amfani da na matsi a nan Houston, saiwoyin bishiya sun fito sama a filina, sau ɗaya gefen dek ɗin ya daki saiwa ya lotsa ciki, daga ranar yanka bai sake daidaita ba. Daga baya ma ya tsage ta wajen da sandar wuƙa take ɗaure. Tunda na koma na walda mai lamba 10 na huta. Mene ne amfanin iska mai kyau in dek ɗin ya karkace?

MaiLambu_Indy:
Yaya DanHouston abin da ka faɗa gaskiya ne amma ƙarko kake magana a kai, shi kuma Bakano kyawun yanka ya tambaya. Filinka mai saiwa ne, nasa bai ce haka ba. Ni kaina na walda nake ja a wajen aiki saboda kullum cikin hawa dakalin titi da bugun shinge muke, amma ba zan ce wa mai gida ɗaya da yake yanka sau ɗaya a sati ya zubar da dek mai lafiya ba.

DanHouston77:
Ai ƙarko da kyawun yanka ba sa rabuwa Indy. Dek da ya riƙe siffarsa shekara goma shi ne mai yanka da kyau shekara goma. Kuma na walda na yanzu ba irin na da ba ne, ka duba dek ɗin ClearCut na Husqvarna ko AeroForce na Cub Cadet, an gyara musu ciki saboda iskar da Injiniya yake magana.

Groundsman_Gwarinpa:
Salam. Ni a Abuja nake kula da filin ƙwallo na wata makaranta da kuma lambunan wani rukunin gidaje, kuma ina karanta ku ina cewa lallai kowa da irin ƙasarsa. Ku can ciyawarku a cike take ta rufe ƙasa ruf. Mu nan da zarar ruwa ya ɗauke a ƙarshen Oktoba hunturu ya shigo, filin sai ya yi faci-faci, yashi da tsakuwa a waje. Wuƙa mai dogon fiffiken nan da ake yabo a can, a wajenmu bala'i ce da rani. Tana zuƙo yashi sama ya riƙa gogar cikin dek, fentin ya tafi ƙarfen ya yi ta sirancewa, ita kanta wuƙar yashin yana cin gindin fiffikenta har ya zama kamar takarda, wata rana ya ɓalle ya yi tsalle. Ga ƙura, mai tuƙi sai ya sauko fari fat. Don haka ni da damina nake sa mai matsakaicin fiffike, da rani kuma mai gajere, wadda ba ta jan iska sosai. A nan kam ina bayan DanHouston, dek mai kauri ya fi mana, ko ba komai in ya huje mai walda zai iya yi masa faci ya riƙe.

MaiWalda_Panteka:
Oga Gwarinpa ka faɗi gaskiya, irin aikin da ake kawo mana kenan nan Kaduna. Siririn dek in ka sa masa wuta narkewa yake sai ka bi shi a hankali. Wuƙa ma muna yi, da sifirin ɗin mota, mu yanka mu huda mu lanƙwasa fiffiken mu wasa. Tana kaifi sosai kuma kuɗinta bai kai rabin ta waje ba.

Injiniya_Samaru:
Malam mai walda dan girman Allah ku bar wannan na sifirin. Facin dek ba laifi, amma wuƙa wani abu ne daban. Ƙa'idar masu ƙera injinan nan a Amurka ta ƙayyade gudun bakin wuƙa kada ya wuce ƙafa 19,000 a minti, wato kusan kilomita 350 a awa, kuma da yawa suna gudu kusa da hakan. Wuƙar kamfani an dafa ƙarfenta yadda in ta daki dutse za ta lanƙwashe ko ta lotsa. Sifirin da aka sa wa wuta aka lanƙwasa a ido, ba wanda ya san inda ya yi tauri da yawa, in ya daki dutse karyewa zai yi, guntun kuma ya fita da wannan gudun. A filin makaranta fa ake magana inda yara suke.

MaiWalda_Panteka:
Injiniya na ji kuma ban raina maganarka ba. Amma ka sa kanka a matsayin mai injin, an kawo shi daga waje na hannu, babu kayansa a kasuwa, in ka yi oda sai ka jira wata da watanni ga kuɗin dala, ciyawa kuma ba ta jira da damina. Mu ba mu taɓa ba wa mutum wuƙa ba sai mun rataye ta a ƙusa mun ga ba ta rinjaya gefe ɗaya. Amma zancen dafa ƙarfe kam gaskiya ba mu da na'urar gwada shi.

Groundsman_Gwarinpa:
Ni dai ba na sa ta gida a filin yara. Abin da nake yi duk wanda zai taho daga waje sai in roƙe shi ya sako min saiti biyu a kaya, ina aiki da ɗaya ɗaya na wajen wasawa.

Maman_Ilham_MN:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ce mai yankan ciyawa a gidanmu nan Minnesota don maigidan aikin dare yake yi, kuma ina so in yi magana a kan dunƙulewar da Malam Bakano ya ce, don na ga an bar ta a baya. Malam yaushe kake yanka? In da sassafe ne raɓa ba ta bushe ba, ko wane dek ka saya sai ta dunƙule. Sannan watan Mayu da Yuni ciyawar nan tamu ta yankin sanyi gudu take, in ka bar ta ta yi tsawo ka zo ka sare rabinta lokaci ɗaya dole dek ya shaƙe. Kada ka cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta a yanka ɗaya. In ta kufce maka, ka ɗaga dek ka bi ta sama-sama, bayan kwana biyu ka sauke ka sake bi. Kuma ka leƙa ƙarƙashin dek ɗin, na tabbata akwai tsohuwar ciyawa da ta manne ta bushe ta yi tauri, ita ma tana kashe iskar da ake ta magana. Ni da ƙaramin ƙarfen kankare fenti nake kankare tawa.

Wuƙa mai haƙora irin Gator ta kamfanin Oregon kuwa, ni lokacin kaka nake jin daɗinta. Ganyen bishiyoyi in ya zubo a Oktoba ba na sharewa, bi kawai nake ta niƙe shi ya shige cikin ciyawa ya zama taki. Amma a jiƙaƙƙiyar ciyawar bazara ba ta fitarwa kamar mai dogon fiffike, wannan na gani da idona.

Bakano_Columbus:
Hajiya Allah ya saka da alheri, lallai da safe nake yi kafin in fita aiki. Zan mayar da shi yamma. Jama'a na gode, ranar Asabar zan yi awon da Indy ya ce.

Dan_Maradi:
Ku yi mani haƙuri ni ba ni da tarakta, amma tun ɗazu nike karatu abu guda na damuna. Wagga ciyawa da kuke yankewa kowane sati eka da rabi, ina take zuwa? Mu nan in rani ya yi nisa buhun harawa sai mai kuɗi, bisashe na ramewa muna kallo. Mi ya sa ba ku tara ta ku ba masu kiwo?

MaiLambu_Indy:
Dan Maradi wlh nima farkon zuwana abin ya tsaya min a rai. Amma akwai dalilai. Na farko yawancin filayen nan ana fesa musu maganin kashe haki da taki na kamfani, ba ka ba dabba irin wannan ba. Na biyu ciyawar da inji ya daddatsa ƙanana in aka tara ta jiƙe, cikin awoyi take ɗaukar zafi ta fara ruɓewa, doki in ya ci tana iya kumbura masa ciki har ta kashe shi, masu dawaki sun san wannan. Ba kamar harawa ba ce da aka yanka doguwa aka shanya. Na uku kuma ba a barin ka ka bar ta ta yi tsawon da za a yi harawa da ita a cikin unguwa, garuruwa da yawa in ta kai inci 12 hukuma za ta aiko maka da takarda, wasu wuraren ma ba ta kai haka ba. Shi ya sa aka fi so a niƙe ta ta koma ƙasa.

Dan_Maradi:
To madalla, na gane. Allah shi ba mu damina mai albarka.

Umar_Tarakta:
Amin ya Allah.

Baba_Leicester:
Amin. Bari dattijo ya sa baki. Mu nan Ingila tsarin ya sha bamban da na Amurka. Ciyawarmu kusan kullum a jiƙe take, don haka taraktocin nan an fi yin su don tarawa, ba zubarwa gefe ba. Da yawa wuƙa biyu ne masu juyawa suna fuskantar juna, su tura ciyawa ta tsakiya ta bi ta ƙarƙashin kujera ta faɗa jaka a baya. Wasu bel ɗinsu mai haƙora ne don wuƙaƙen suna shiga hurumin juna, in bel ya tsallake haƙori sai su yi karo. Sannan akwai taraktoci irin su Countax da Westwood da suke da buroshi mai juyawa a baya yana share ciyawar zuwa cikin akwati ko da ruwa a jikinta, da abin birgima mai nauyi da ke kwantar da ita. Layi-layin nan mai haske da duhu da kuke gani a filayen ƙwallo, ba wuƙa ce take yin sa ba, kwantar da ganyen ne gaba da baya.

Kuma in ana maganar kyawun yanka na haƙiƙa, duk waɗannan masu juyawa a kwance sara suke da ƙarfin gudu. Wanda yake yanka irin na almakashi shi ne mai ganga, wato mai wuƙaƙe a jikin ganga mai juyawa, wanda Edwin Budding ya ƙirƙira a 1830 a yankin Stroud, kuma har yau shi ake sa wa a filin kurket da wajen ramin golf. Sai dai ba ya son doguwar ciyawa ko tsakuwa, ba na gidan Bakano ba ne.

Groundsman_Gwarinpa:
Baba wannan haka yake. Ciyawar kiri-kiri da muke da ita a filin ƙwallo tana son a yanke ta ƙasa, inci ɗaya zuwa biyu, kuma da dek mai faɗi in ka sauka haka duk inda ƙasa ta ɗan yi tudu sai ya fere wajen ya bar jar ƙasa. Mai ganga ne maganinta amma wa zai saya mana.

Bakano_Columbus:
Salam jama'a na dawo. Tayar baya ta dama iskarta ta yi ƙasa sosai, da na cika ta gefen ya tashi, ragowar na daidaita da notin da ke jikin marataya. Ƙarƙashin dek kuma Hajiya kin yi gaskiya, abin da na kankaro ya cika bokiti. Na wasa wuƙaƙen na mayar. Yanka ya yi kyau fiye da da nesa ba kusa ba, amma siririn layin nan yana nan, musamman in na sha kwana. Ko dai shi ne aibin dek ɗin?

MaiLambu_Indy:
Alhamdulillah. Layin nan ba aibin dek ba ne tukuna. A dek mai wuƙa uku, ta tsakiya tana ɗan gaba, biyun gefe suna baya, an jera su haka ne don hanyar kowacce ta ɗan hau kan ta 'yar uwarta ba tare da sun taɓa juna ba. Hawan nan kaɗan ne. To wuƙa in ta tsufa bakinta na ƙarshe yana cinyewa ya zama zagaye, tsawonta ya ragu, sai rata ta buɗe a tsakani. Ka ciro ɗaya ka kai shago ka ɗora ta a kan sabuwa, za ka ga bambanci. Ana auna ta ne daga kusurwa zuwa kusurwar da ke ɗaya ɓangaren, a karkace. In tsawon bai ragu ba to ka kama kowace wuƙa ka girgiza sama da ƙasa, in tana motsi boris ɗin sandar ya tafi. Ka kuma juya su bakinsu ya haɗu ka ga ko suna kan layi ɗaya, in ɗaya ta fi sauka ko ita ta lanƙwashe ko sandarta. Sai bel, in ya saki wuƙa ɗaya tana rage gudu a ciyawa mai kauri. A kwana kuwa ko sabon inji yakan bar kaɗan ta gefe ɗaya, ka rage gudu in za ka juya.

Umar_Tarakta:
In za ka sayi sabbi ka kula da ramin tsakiya. Wasu zagaye ne wasu tauraro. Na Husqvarna da tsofaffin Craftsman da yawa tauraro mai kai 5 ne, na MTD da Cub Cadet mai 6, ƙananan John Deere mai 7. In bai zauna daidai ba ka ɗaure da ƙarfi za ka lalata kan sandar. Kuma fiffike sama yake kallo, wajen dek, na sha ganin an ɗaura ta a kife ana mamakin me ya sa ba ta yanka.

Sabo_Bronx:
Tambaya a kan wasawa, ni na ɗauka sai ta yi kaifi har ta iya aske gashin hannu?

MaiWalda_Panteka:
A'a ɗan uwa, wannan fannina ne. Askar wanzami gashi kawai take gamuwa da shi shi ya sa ake mata bakin nan siriri, wuƙar ciyawa kuwa da tsakuwa da itace take karo, in ka sirantar da bakin zai naɗe tun a zagayen farko. Ka bi gangaren da kamfani ya yi mata, wajen digiri 30, ta sama kawai, ƙasan a bar shi a shimfiɗe. In da giranda kake yi kada ka danna wuri ɗaya har ƙarfen ya yi shuɗi, in ya yi shuɗi ya mutu ba zai riƙe kaifi ba, ka riƙa tsoma ta a ruwa. Magagari ya fi lafiya in ba ta lalace sosai ba. In ka gama ka rataye ta ka ga gefen da ya rinjaya ka ƙara ci daga can, don wuƙa mai rinjaye ita ke kashe boris.

Injiniya_Samaru:
A nan kam ni da mai walda bakinmu ɗaya. A ƙara da cewa bayan awa 20 zuwa 25 na aiki a duba kaifi, a ƙasa mai yashi irin ta Oga Gwarinpa ma ba za ta kai haka ba.

Groundsman_Gwarinpa:
Ba ta kaiwa kam. Wani abu kuma, tun da aka cire tallafin mai a 2023 yaran da ke tuƙa mana suke rage totur wai don fetur ya daɗe, sai yankan ya fito duk tsefe-tsefe. Na hana amma in na juya baya sai su koma.

Injiniya_Samaru:
Ka nuna musu da hannu. Injinan nan an yi su ne su yi yanka totur a sama, juyi fiye da 3,000 a minti. In an rage, wuƙa ta rage gudu iska ta ragu, sannan shi kansa injin da fankar da ke kansa yake shan iska, zai yi zafi ga kaya a wuyansa. In ana son yanka mai kyau totur sama, tafiya a hankali. Man da suke ganin sun rage za su ƙona shi a zagaye na biyu.

DanHouston77:
Duk na ji, amma a dawo kan maƙwabcin Bakano. Shi fa nasa na walda ne inci 54 kuma filinsa ya fi kyau, wannan ba hujja ba ce?

Maman_Ilham_MN:
Yaya DanHouston ai ba mu san sau nawa yake yanka a sati ba, ko yana zuba taki, ko sabbin wuƙaƙe gare shi. Kuma Malam Bakano ya ce yana da gangare a baya. Faɗin dek yana rage lokaci amma a ƙasa mai tudu da kwari mai faɗi ya fi fere ƙasa, ni shi ya sa na tsaya a 42 mai wuƙa biyu, ga shi yana wuce ƙofar shingenmu. Ƙananan tayoyin nan na gefen dek ma a duba su, ba a so su riƙa birgima a ƙasa kullum, ɗan sama kaɗan ake sa su don sai an zo tudu su taɓa.

Bakano_Columbus:
To na sa sabbin wuƙaƙe masu dogon fiffike, tsofaffin da na ɗora a kan sabbin sun gaza sosai a baki kamar yadda Indy ya ce. Layin ya ɓace a miƙe, a kwana saura kaɗan. Na ɗaga dek zuwa inci 3 da rabi. Abin da na lura ƙarar ta ƙaru kuma inji yana ɗan nishi a inda ciyawa ta yi kauri. Ta gefen inuwa wajen bishiyoyi har yanzu tana ɗan dunƙulewa ko da yamma. Na yi magana da maƙwabcin nawa ma, ashe sau biyu yake yanka a sati a wannan lokacin.

MaiLambu_Indy:
Nishin nan dogon fiffike ne, yana cin ƙarfin inji fiye da sauran. In ya dame ka ka koma matsakaici. Wajen inuwa kuma ka riƙa ɗaukar rabin faɗin dek kawai.

DanHouston77:
Ma sha Allah, na taya ka murna. Amma ka riƙa duba kewayen inda sandunan suke ɗaure, in ka fara ganin tsatsa ko tsaga a wajen to ka tuna maganata, ranar da za ka canza ka sayi mai kauri. Ni har gobe na walda.

Injiniya_Samaru:
Mai kauri na yarda, amma kauri da zurfi za ka tambaya a shago, ba walda ko matsi ba. Akwai na walda marar zurfi da ba ya fitar da ciyawa da kyau.

MaiWalda_Panteka:
Oga DanHouston dan Allah in ka samu lokaci ka kifa naka ka ɗauko min hoton cikinsa, ina so in ga yadda suka jera farantan da ke bi da iskar da kuma ratar da suka bari tsakaninsu da bakin wuƙa. Akwai wani dek inci 48 da aka kawo min jiya duk cikinsa ya cinye, so nake in gwada mayar masa da su.